Kwamfutar Gwanjo: Ni Ne Ɓarawon, Ko Ni Aka Yi Wa Sata?

Mai karatu, yau ba labarin soyayya na zo maka da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ta shafi da yawa daga cikinmu masu rubutu da masu karatu, domin kusan duk marubucin Hausa da na sani da kwamfutar gwanjo yake aiki.

Ni mutumin Tozai ne, cikin ƙaramar hukumar Isa, can gabashin jihar Sakkwato. A farkon 2021 na sayi laftof ta hannu a Kano, irin wadda 'yan kasuwa ke kira 'yar Beljiyam. Dalilina biyu ne: littafin da nake rubutawa, da kuma ƙanena da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a yin ta sai a kan kwamfuta, shi kuwa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Mai shago ya ba ni caja, ya ba ni jaka, har da ɗan ƙyallen goge gilashi kyauta. Maganar lasisin Windows, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, bai tayar ba, ni ma ban san ana tambaya ba.

Watan Oktoba na wannan shekarar ƙanena ya same ni da sassafe ya ce, "Yaya, wagga kwamfuta ta ƙi tashi." Na kunna, sai wani shuɗin allo, ta mutu, ta sake kunna kanta, haka dai. Lokacin kuwa gwamnatin Aminu Tambuwal ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar tun cikin Satumba saboda 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni na ciki. Babu kira, balle intanet da zan bincika. Sai na rungumi abata na hau mota zuwa Sakkwato. Direba ya ce shi ba ya bin Gundumi ko nawa za a ba shi, muka zagaya ta Sabon Birni da Goronyo, kowa a motar yana jan carbi. Duk wanda ya san hanyoyinmu a wannan shekarar ya san ba tafiya ce da ake yi don nishaɗi ba.

Mai gyaran da aka nuna mini yaro ne mai fara'a. Ya duba minti biyu ya ce, "Malam, sai fomatin." Na ce, "Injiniya, rubutuna fa?" Ya ce kada in damu. Na fita cin abinci. Da na dawo na tarar da sabuwar Windows 10 Pro tana ƙyalli, babi bakwai na littafina kuwa sun bi ruwa. Ya kwashe mini hotuna da waƙoƙi, ya manta da jakar da ke kan fuskar allo. Laifina ne da ban ajiye kwafi a filashi ba, wannan na yarda. Amma da na tambaye shi lambar lasisin wannan sabuwar Windows ɗin, sai ya yi dariya ya ce, "Mun yi mata kirak, kowa haka shi ka yi." Na biya, na yi godiya ma.

Ban gane abin da ya faru ba sai cikin 2022, da saƙo ya fara fitowa yana cewa lasisina ya kusa ƙarewa. Wani abokina da ke karatun kwamfuta a Kano ya karɓi na'urar, ya buga wani ɗan umarni, sai ga haruffa da lambobi 25 sun bayyana. Ya ce wannan ita ce lambarka, ta halal, tana cikin na'urar tun ranar da aka ƙera ta. Ta Windows 10 Home ce. Shi mai gyara ya ɗora mini Pro don a wurinsa ta fi suna, lambar Home kuwa ba ta buɗe Pro, shi ya sa ya koma ga kirak. Wato ina da mabuɗin ɗakina a aljihu, aka fasa mini tagar maƙwabci aka ce in shiga in kwanta.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ne abin da na ga mutanenmu ba su sani ba. A zamanin Windows XP da Vista da Windows 7, lambar tana kan wata sitika da ake mannawa a ƙarƙashin laftof, wani lokaci a ramin batir. Cinya da zafi da gumi su kan goge ta, wasu 'yan kasuwa kuma su ɓamɓare ta su sayar daban. Daga Windows 8 da ta fito a 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suka daina buga lambar a sitika, suka koma dasa ta cikin babban allon na'urar, wanda masu gyara ke kira madabod. Ko an goge rumbun ajiya, ko an canza shi ɗungurungum, lambar na nan. Sannan daga Windows 10 da ta fito a Yulin 2015, in na'ura ta taɓa yin rajista da intanet sau ɗaya, kamfanin Microsoft yana riƙe da shaidarta. In ka sake ɗora irin bugun da take da shi a da, ka tsallake wurin da ake neman lamba, da zarar ta hau intanet za ta gane kanta. Manhajar ɗorawar kuma kyauta ake sauke ta daga shafin kamfanin, filashi mai gig 8 ya isa. Lasisin da ya zo da na'ura na'urar yake bi, ba mai ita na farko ba. In Bature ya saya a Jamus ya yi shekara huɗu ya yar, ni na saya a Kano, da lasisin na saya.

Akwai togaciya biyu. Yawancin waɗannan laftof daga ofisoshi da kamfanoni suke fitowa, wasu da lasisin jimla na kamfanin suke aiki, wanda ba ya bin na'urar in an sayar da ita, kodayake sau da yawa akwai wata lambar ta asali a ƙarƙashi. Na biyu, ƙofar da Microsoft ta bari a buɗe shekaru da dama, ta amfani da lambar Windows 7 ko 8 a buɗe Windows 10, an rufe ta a Satumban 2023.

To mene ne aibin kirak, tunda aiki yana tafiya? Irin wanda aka fi yi a shagunanmu yaudarar na'urar yake yi ta ɗauka tana cikin wani babban kamfani, lasisin kuma kwana 180 yake yi sai an sabunta. Kafin a sa shi sai an kashe manhajar tsaro, da yawa kuma ba sa mayar da ita. A Disamban 2021 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna Red Canary ya bayyana yadda ake cusa ɓarawon kalmomin sirri mai suna CryptBot cikin jabun KMSPico, manhajar kirak da ta fi yawo. Ka tuna a kan wannan na'urar kake buɗe imel ɗinka, a kanta ɗan'uwanka mai sana'ar POS yake duba asusunsa.

Sai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na mai rubutu. Mu ne kullum cikin kuka: an kwafe littafinmu an watsa a WhatsApp ba izini, masu satar fasaha sun karya kasuwar faifan finafinan Hausa, marubuciya ta yi shekara tana wahala wani ya ci riba. Har murna muka yi da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris na 2023. Amma takardar koken da muke rubutawa a kan Windows ta sata muke buga ta. Na san za a ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa marubucin Isa da kamfanin da ya fi ƙasashe da yawa kuɗi? Ni dai na kasa samun hujjar da za ta halatta mini nasu ta haramta wa wani nawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, ba ta ware mai kuɗi ba.

Kada kuma a ɗauka na zama lauyan Microsoft. Ban yarda a kira talakan Tozai ɓarawo ba. A 2025 dala 139 ake sayar da Windows 11 Home a shagon kamfanin, sama da naira 200,000 a canjin lokacin, kusan albashin wata uku na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma ya fi kuɗin laftof ɗin da yawa daga cikinmu ke riƙe da ita. Duk tsarin an gina shi ne a kan mutumin da ke da wuta da intanet mai arha. Sauke Windows yana cin gig biyar zuwa shida, a garin da aka yi watanni ba a ko iya aika saƙon tes. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya ta tashoshin ruwan Legas duk shekara, mafi yawa daga Turai. Kayan suna zuwa, bayanin yadda mai saye zai karɓi haƙƙinsa ba ya biyo su. A Amurka ma, a 2018 an ɗaure wani mai sana'ar sake sarrafa tsofaffin kwamfutoci, Eric Lundgren, wata 15 saboda ya buga faifai 28,000 na sake ɗora Windows. Shi ya ce don masu na'urorin da ke da lasisi ya yi, kuma abin da ke cikin faifan kyauta ake sauke shi. Kotu ta ce jabu ne tunda an yi su da kamannin na kamfani. Ya amsa laifi, amma har yanzu hukuncin bai kwanta mini ba.

Wanda na fi ɗora wa nauyi shi ne na kusa da ni: mai shagon da ya san komai game da ram da batir amma bai iya cewa "ga irin lasisin da ke ciki" ba, da mai gyaran da fomatin ne maganinsa na kowace cuta, kamar mai kemis ɗin da kowa ya zo allurar zazzaɓi. Duba lambar ba ya cin minti biyu. In an duba babu, har yanzu ba a kai ga sata ba. Windows 10 da 11 suna aiki ko ba a yi musu rajista ba, sai dai ɗan rubutu a kusurwar allo da hana canza hoton bango, kafin mutum ya samu halin saye. Akwai kuma Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kowa ya ɗauka kyauta da yardar masu ita. Tsofaffin hannu za su tuna lokacin da kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ke aiko da faifan Ubuntu ta gidan waya ba ko sisi, kafin a daina a 2011.

Abokina ya mayar mini da Home ɗita ta halal, na yi shekara uku a kanta lafiya. Ƙanena ya koyi linzami, ya zauna jarrabawarsa. Sai ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, ta bar ƙarin shekara guda na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa ta ce na'urata ta tsufa, domin sai injin Intel zubi na takwas zuwa sama take karɓa, nawa na shida ne. Ba abin da ya same ta, batirinta ma yana kai awa biyu. Wani mai gyara ya ce in kawo akwai dabarar tsallake sharaɗin, na ce masa na gode, Injiniya. Na kwashe rubutuna a filashi biyu, na ɗora Linux Mint da LibreOffice da hannuna. Sati guda na yi ina neman inda aka ɓoye ƙ da ɗ da ɓ kafin na samu allon rubutun Hausa. Babi shida daga cikin bakwai ɗin nan na sake rubuta su, na bakwai ne nake kai yanzu.