Landan Ba Fadar Sarki Kaɗai Ba Ce

 

A 'yan shekarun nan mutanenmu na zango da ke leƙa Landan sun ƙaru. Wannan ya je ganin ɗansa da ke karatu, wancan ya je bikin suna, wata kuma fatauci ya kai ta. Amma in ka duba hotunan da suke dawowa da su, sai ka rantse mutum ɗaya ne ya ɗauke su: ga ƙofar fadar Buckingham, ga agogon Big Ben, ga ledojin kantunan Oxford Street. To jama'a, kuɗin biza da na jirgi ba ƙanana ba ne, kuma yawancinmu sau ɗaya za mu yi wannan tafiya a rayuwa. Bai kamata mutum ya zuba wannan dukiya ya dawo da abin da ake gani a kalanda kawai ba. Akwai wurare a birnin da suka shafe mu kai tsaye, mu mutanen Gana, mu masu jin Hausa, kuma yawancinsu ba a biyan ko kwabo. Bari in lissafa muku guda biyar.

Na farko yana bayan Oxford Street ɗin da muke yini muna ciniki. Tafiyar 'yan mintoci a ƙasa za ta kai ka dandalin Manchester Square, inda gidan tarihi na Wallace Collection yake. Shiga kyauta ne. A cikinsa akwai wani kan mutum da aka ƙera da zinari, wanda ya fito daga taskar Sarkin Asante Kofi Karikari. Sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley ne suka kwaso shi lokacin da suka ci Kumasi a 1874, Richard Wallace kuma ya saye shi a Landan a wannan shekarar. Duk Bahaushen da ya tsaya gabansa ya tuna cewa a wannan yaƙi akwai rundunar Hausawa da Kyaftin John Glover ya jagoranta, kuma a gefen Turawa suka yi faɗa. Ke nan tarihin namu ne ta fuska biyu, da daɗinsa da ɗacinsa. Wanda bai samu zuwa Landan ba kuwa, ya sani cewa a 2024 manyan gidajen tarihi biyu na birnin, British Museum da V&A, sun ba gidan tarihin fadar Manhyia aron kayan sarautar Asante guda 32. Aro fa aka ce, ba a ce an mayar ba. Wannan magana ce da ya dace yaranmu su san ta.

Na biyu yana arewacin birnin, a unguwar Kentish Town. Mutanen Landan suna da al'ada, tun 1866, ta manna faranti a bangon gidan da wani fitaccen mutum ya taɓa zama, a rubuta sunansa da aikinsa. Yanzu irin waɗannan faranti masu launin shuɗi sun haura 1,000. A titin Burghley Road akwai na Dakta Kwame Nkrumah, wanda aka manna a 2005. A nan ya zauna daga 1945 zuwa 1947. A waɗannan shekaru ne shi da George Padmore suka yi aikin shirya babban taron 'yan kishin Afirka na Manchester a watan Oktoba 1945, kafin a kira shi gida ya zama sakataren jam'iyyar UGCC. Gidan ba wani na a zo a gani ba ne, irin na sauran maƙwabta ne, kuma darasin ke nan ga ɗalibi: mutumin da ya karɓo wa Gana 'yanci daga ɗakin haya ya fito. Sai dai a kula, akwai masu zama a ciki. A tsaya a bakin titi, a karanta, a wuce, kada a ƙwanƙwasa wa mutane ƙofa.

Na uku dattawanmu sun san sunansa tun kafin su san sunan wata unguwa a Landan, wato Bush House. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye ran 13 ga Maris 1957, mako ɗaya cif bayan Gana ta sami 'yancin kai. Shekara da shekaru daga wannan gini da ke Aldwych muryoyin suke fitowa su iso rediyon mai shayi a Nima da Aboabo da Tamale. A 2012 BBC ta tashi daga nan ta koma Broadcasting House, yanzu jami'ar King's College ce ke amfani da ginin. Saboda haka kada wani ya je yana neman ma'aikatan rediyo. Amma hoton da aka ɗauka a ƙofarsa, in aka kawo wa tsohon da ya yi shekara arba'in yana murɗa akwatin rediyo da asuba, ya fi masa hoton fadar sarki nesa ba kusa ba.

Na huɗu na malamai ne da almajirai. Kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross akwai babban ɗakin karatu na ƙasar, British Library. Yana da zauren da ake baje littattafai masu daraja, kowa na iya shiga kyauta, kuma a cikin abin da ake nunawa har da kwafin Alƙur'ani rubutun hannu. Daga cikin abin da ɗakin ya mallaka akwai Alƙur'anin Baybars, wanda aka rubuta a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, da ruwan zinari, a mujalladi bakwai. Ana sauya littattafan da ke cikin gilashi lokaci-lokaci don kada haske ya ɓata su, don haka a tambayi ma'aikata abin da aka fitar a ranar. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara da tawada zai san irin haƙurin da ke cikin kowane shafi.

Na biyar shi ne wanda mu malaman makaranta muka fi so. Kullum muna jin ana cewa "agogon GMT". Harafin farko sunan unguwar Greenwich ne, a kudu maso gabashin birnin, inda aka gina gidan duba taurari a 1675. A 1884 wakilan ƙasashe suka taru a Washington suka amince cewa daga layin da ya ratsa wannan gida za a riƙa auna gabas da yamma na duniya. In ka bi layin nan ka yi kudu, za ka ratsa Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ka taɓa Togo, ka sauko Gana, ka faɗa teku a Tema. Abin dariya ma, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba mutanen Ingila kan tura agogonsu gaba da awa ɗaya, mu kuwa muna nan kan GMT rani da damina. Shiga harabar gidan da kuɗi ne, amma lambun da tudun kyauta ne, haka ma gidan tarihin jiragen ruwa da ke gindin tudun. In kana son ƙarin abin labari, sauka a tashar Island Gardens, ka bi hanyar ƙafa da aka haƙa a ƙarƙashin kogin Thames tun 1902, mai tsawon kimanin mita 370. Jirage na wucewa a samanka, kai kana tafe a bushe.

Ga 'yan shawarwari kafin in ajiye alli. Motocin safa na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster ko katin banki. In lokacin salla ya riske ka a Wallace Collection, babban masallacin Regent's Park ba shi da nisa. In kuma cikinka ya gaji da burodi, kasuwar Ridley Road a Dalston tana da doya da manja da busasshen kifi. Sannan kada ka dogara da mai masaukinka ga komai. Shi aiki ya kai shi, daga gida sai wurin aiki, wataƙila ya shekara goma bai taka ko ɗaya daga wuraren nan ba. Ka rubuta sunayensu a takarda tun daga gida, ka riƙa tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Roƙona ga duk wanda Allah ya nufa da wannan tafiya shi ne, ya ware ko da kwana biyu daga kwanakin kasuwa. In ya dawo, ya leƙo makarantar unguwarsu ya ba yara labari na rabin awa. Takalmin tsaraba wata shida ya tsufa, amma yaron da ya ji daga bakin kawunsa cewa layin da ke Tema shi ne ya ratsa Landan, ba zai manta da darasin taswira ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.