Auren 'ya'yan shugaba: me ake sakawa cikin lefen?

Jama'a, duk ran da aka ce ɗan shugaban ƙasa ko 'yarsa za su yi aure, sai ka ji rumfunan kasuwa daga Ɗan Isa har Birnin Ƙonni sun cika da hirar. Wani na ƙirga motoci, wani na tambayar sadaki. Ni ba wannan ke damuna ba. Aure sunna ne, ɗiyar shugaba kuwa ba za ta zauna gida don ubanta na mulki ba. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke biyo bayan ɗaurin auren.

Mu leƙa maƙwabciyarmu Nijeriya. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki a 2007. Kafin rasuwarsa a watan Mayu na 2010, 'ya'yansa mata biyu na gidajen gwamnoni: Zainab a gidan Sa'idu Dakingari na Kebbi, Nafisa kuma a gidan Isa Yuguda na Bauci. Na Bauci ne ya fi ɗaukar hankalina. Talakawa sun zaɓi Yuguda a 2007 ƙarƙashin jam'iyyar adawa ta ANPP, suka kayar da PDP mai mulki. A farkon 2009 aka ɗaura aure, shekarar ba ta ƙare ba ango ya koma PDP, jam'iyyar surukinsa. Mataimakinsa Garba Gadi ya ce shi ba inda za shi, majalisar jiha ta tsige shi, sai a 2010 kotu ta mayar da shi kujerarsa.

Mai yiwuwa gwamnan na da nasa dalilan, ba mu shiga zuciyarsa ba. Amma ka tambayi mai tireda da ya rufe shago ya sha rana a layin zaɓe, zai ce maka ƙuri'arsa aka saka cikin akwatin lefe ba a shawarce shi ba.

Sai bikin Bici a watan Agusta na 2021, inda Yusuf ɗan marigayi Muhammadu Buhari ya auri Zahra 'yar Sarkin Bici na wancan lokacin, Nasiru Ado Bayero. Sadakin da aka bayyana naira 500,000 ne, ba abin tada hankali ba ga gidaje irin waɗannan. Jiragen manya da suka cika filin jirgin Kano su ne suka tsaya wa mutane a rai. Ku kuwa kun fi kowa sanin dalili: gwamnatin uban angon ce ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Nawa ne cikinku jarinsu ya narke, albasa ta ruɓe a buhu, dabbobi suka rame a bakin Illela da Maigatari? Wata 8 kacal bayan an buɗe, sai ga wannan shagali.

Mu ma nan Nijar kada mu yi dariya. Sani ɗan Mahamadu Isufu ya zama ministan man fetur a 2021, watau shekarar da ubansa ya sauka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 sojoji suka tsare shi. Salim ɗan Bazum, wanda ba ya riƙe da muƙamin komai, ya zauna tsare tare da iyayensa har watan Janairu na 2024. Wannan yaron dai na tausaya masa, don shi gidan kawai aka haife shi.