Daga Illela Zuwa Mambila: A Ba Jiki Lokacinsa

Saurayin da ya tashi a Illela, ya saba da zafin bazara da dakon buhuna tsakanin kasuwa da hanyar Ƙonni, yakan ɗauka babu wahalar da za ta ba jikinsa mamaki. Mu kuwa muna ganin irinsa ne ya fi cancantar gargaɗi ran da aiki ko wasa ya kai shi ƙasar duwatsu.

Illela ba ta kai mita 400 bisa teku ba. Tsaunin Mambila yana wajen mita 1,600, ƙololuwar Chappal Waddi kuwa mita 2,419. A irin wannan tsawo iska ba ta da nauyi, watau kowane numfashi yana kawo kimanin kashi uku cikin huɗu na oksijin da mutum ya saba shaƙa a gida. Sai haki, da ciwon kai, da rashin barci. Jiki yana da dabararsa: ƙoda takan aika wa ɓargo saƙo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma wannan aikin mako uku ne zuwa huɗu, jarumta ba ta gaggauta shi. An ga haka a wasannin Olamfik na 1968 a birnin Meziko, mai tsawon mita 2,240, inda Keino da Temu na Kenya da Mamo Wolde na Habasha, 'ya'yan tuddai duka, suka bar mutanen kwari a baya.

Abin da ya fi damunmu shi ne jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin AS, da yawa kuma ba su sani ba, don lafiya lau suke zaune. Amma likitoci sun sha ganin saifar irin waɗannan ta toshe sa'ad da tsawo da gajiya da ƙishirwa suka haɗu musu.

Saboda haka muna kira ga hukumomin wasanni da ƙungiyoyin ɗalibai masu shirya hawan dutse: kada a ɗibi yara daga kwari a ce su yi tsere washegarin saukarsu. A auna jinin kowa tun a gida. A ba su kwana biyu ko uku na tafiyar ƙafa a hankali, da ruwa isasshe. Wanda ciwon kansa ya ƙi sauka, ko ya ji suka a hagun cikinsa, a sauko da shi ƙasa a ranar, a kai shi asibiti.