Filin Malam: Wace kwamfuta za mu saya wa ɗalibi?

Tun da sakamakon jarrabawar bak ya fito, iyaye ke ta tambayarmu magana guda: yaro ya sami gurbin karatun ilimin kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko kuwa ta Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi, an ce sai ya zo da kwamfutar cinya, to wacce za a saya? Tambayar tana da nauyi, domin kuwa wani uban sai ya fitar da buhunan gero ko ya kai ɗan maraƙi kasuwa kafin kuɗin su haɗu, kuma ba zai iya saye sau biyu ba.

Shawararmu ita ce kada a bi ƙyalli. A shekarar farko abin da ɗalibi zai yi shi ne lissafi da tsara matakan warware matsala, da rubuta 'yan ƙananan manhajoji da harsuna irin su C da Python. Wannan aiki ba ya buƙatar irin manyan kwamfutocin nan na wasanni masu fitilu ja da kore, waɗanda yaranmu ke so. Suna da tsada da nauyi, suna ɗaukar zafi, batirinsu kuma ba ya jimawa. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa, wannan wahala ce aka saya da kuɗi.

Abin da ya fi cancanta a zuba kuɗi a kansa shi ne RAM. Mu ɗauke shi kamar faɗin teburin ɗalibi: in teburi ƙarami ne, sai an ɗauke littafi ɗaya kafin a buɗe wani. Giga 4 ya yi kaɗan ƙwarai, giga 8 shi ne mafi ƙanƙanta, 16 kuwa shi zai kai yaro har ƙarshen karatu, lokacin da za a sa shi ya kunna wata kwamfuta ta kwaikwayo a cikin tasa, ko ya gina manhajar wayar Android. In kuɗi bai kai ba, a sayi mai 8 amma a tambaya ko ana iya ƙara mata, don wasu an liƙe nasu da dalma, ba a ƙari. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, ko da giga 256 ne. Tsohon faifai mai juyawa yana da nawa, kuma jijjigar kabu-kabu ko faɗuwa guda na iya tafiya da aikin shekara.

To, yawancinmu ta hannu za mu saya, ba kuma abin kunya ba ne. Waɗanda aka ƙera domin ofis, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, sun fi jure wahala, masu gyara kuma sun san su. Sai dai a nan ne ake yi wa iyaye wayo. Mai shago zai nuna takardar da aka manna ya ce, “Alhaji, i7 ce fa!” Alhali i7 ta 2012 ba ta kama ƙafar i5 ta 2018 ba. A dubi lambar da ke biye: i5-8250U, alal misali, 8 ɗin farko na nufin zubi na takwas. Wannan lamba tana da muhimmanci, saboda kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa, in an ɗebe 'yan kaɗan, tana neman zubi na takwas ne zuwa sama. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya jefar, a sa mata Linux, kyauta ne, kuma ko ba jima ko ba daɗe malamansa za su sa shi ya koye shi. Shi kansa Linux ɗin, wani ɗalibi ne a Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991.

Akwai kuma abin da mu mutanen wannan gefen iyaka ya kamata mu lura da shi. Kwamfutocin da ke zuwa daga Faransa haruffansu na farawa da AZERTY, waɗanda ke shigowa ta Kano ko Katsina kuwa QWERTY ne. Mai rubuta rahoto da Faransanci ya fi jin daɗin ta farko, amma bakan nan masu lanƙwasa da mai rubuta manhaja ke bugawa dare da rana sun fi sauƙin samu a ta biyu. Kowacce tana yi. A bar yaron ya zaɓa da yatsunsa.

Ranar saye kada uba ya tafi shi kaɗai, kada kuma a biya kuɗi a tsaye. A tafi da ɗalibin da ya riga ya yi shekara biyu a sashen. A zauna, a cire caja, a bar ta tana aiki rabin awa a ga yadda batir ke sauka. A danna kowane harafi, a gwada kowace kafa da kamara da haɗin intanet, a kuma tabbata babu kalmar sirrin wani tsohon kamfani da ta kulle ta. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kwamfutar da kwanakin da za a iya mayar da ita. Daga cikin kuɗin a rage na jaka mai kauri, saboda ƙurar hunturu, da na filashi guda da yaro zai riƙa ajiye kwafin aikinsa.