2027: Tambayoyin da ya kamata Kankiya da Kusada su yi wa jam'iyyu

A ranar 30 ga Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, shi ya sanar. Shekara uku ba su cika ba, a Nuwamban 2025, ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya ce an soke tsarin, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a.

Gwamnatin APC ce ta kafa tsarin, gwamnatin APC ce kuma ta soke shi. To wanne ne matsayin jam'iyyar? Uban da ke da ɗa a firamaren Kafin Soli ko Rimaye a Kankiya, ko uwar da 'yarta ke aji biyu a Mawashi ko Yashe a Kusada, ba su da takardar da za su ɗauko su ce ga abin da aka yi musu alkawari. Jam'iyyun adawa ma ba su mayar da batun abin da za a san su da shi ba. An yi 'yar hayaniya a rediyo da Facebook, ƙura ta lafa, kowa ya koma lissafin wanda zai sauya sheƙa.

Hujjar ministan ita ce yankunan da suka fi dogara da harshen gida su ne suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Faɗuwar gaskiya ce, kuma babu mai kishin Arewa da zai yi musunta. Amma a duba lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai wuce aji huɗu ba lokacin da aka soke tsarin. Wanda yake aji shida a wancan lokaci bai fita daga ƙaramar sakandare ba. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zauna WAEC. Shi kansa Adamu Adamu ya faɗa tun ranar sanarwa cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai, kuma tanadin bai iso ajin ƙauye ba.

Za a iya cewa matsalar ta girmi 2022, tunda manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara da harshen gida a azuzuwan farko. Haka ne. Sai dai abin da ke gudana a aji wani abu ne daban. Littafi da Turanci, allo da Turanci, malam ya karanta ya fassara da Hausa gwargwadon fahimtarsa, ranar jarrabawa kuma a koma Turanci. Yaro ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa da Hausa ba, bai iya karanta ta Turanci ba. Wannan ba koyarwa da Hausa ba ce. Rashin tsari ne, aka ɗora wa Hausa laifinsa.

An taɓa gwada abin da tsari a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarabanci na shekara shida, Turanci kuma aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Abin lura a nan shi ne ƙwararrun malaman. Iyayen Kankiya da ke son 'ya'yansu su iya Turanci suna da hujja, domin makarantar koyon aikin lafiya da ke cikin garin ma ba ta ɗaukar wanda bai ci Turanci ba. Jam'iyyar da ke da manufa za ta ce ga harshen da za a fara karatu da shi, ga ajin da za a juya, ga adadin malaman Turanci da za a ɗauka, ga inda kuɗin zai fito. Kuma za ta tuna cewa a rugagen Kankiya da Kusada akwai yaran da Fulatanci suka tashi da shi, waɗanda Hausar ma a waje suka koye ta.

Ba ko'ina ake wasa da batun harshe haka ba. A Ireland ta Arewa gwamnatin haɗin gwiwa ta rushe a Janairun 2017, ba ta dawo ba sai Janairun 2020, kuma cikin manyan abubuwan da suka hana sulhu akwai dagewar jam'iyyar Sinn Féin kan a yi dokar kare harshen Irish. Majalisar Birtaniya ta yi dokar a 2022. A Jamhuriyar Ireland kuwa, dokar 2021 ta sa burin cewa zuwa ƙarshen 2030 kashi 20 cikin 100 na sababbin ma'aikatan gwamnati su kasance sun iya harshen. Harshen da ƙidayar 2022 ta nuna masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su kai dubu 72 ba ke nan. Ƙaramar hukumar Kankiya kaɗai ta fi haka masu jin Hausa. Ko a maƙwabta, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a kundin da aka fitar a Maris 2025, duk da cewa can sojoji ne suka yi, ba jam'iyya ba.

Lokacin da jam'iyya ke da magana ɗaya

Dattawan yankin da suka haura sittin sun ga zamanin da manufar jam'iyya ta shigo har cikin gida. A 1979 babu Jihar Katsina, sai a Satumban 1987 aka ƙirƙiro ta. Kankiya da Kusada suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kuma Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN ya zama gwamna. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano.

Ba a kan kujera tunanin ya zo musu ba. Tun kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ake kukan yadda ake karɓar haraji a hannun talaka, da wulaƙancin da ke biyo bayan wanda ya kasa biya. PRP ta gaji wannan magana, ta yi yaƙin neman zaɓe da ita, ta ci, ta aikata. Manomin da ya jefa mata ƙuri'a ya san abin da ya saya. Wanda ya ƙi ta ma ya san abin da ya ƙi. A 1980 Rimi ya mayar da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata a Kano, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Majalisar dokokin Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ta kuma tsige shi a Yunin 1981. Rigima ce mai zafi, amma kowa ya san a kan me ake yin ta.

Soke harajin bai zo a kyauta ba. Ƙananan hukumomi sun rasa hanyar kuɗin shiga da suka daɗe da ita, masu unguwanni da dagatai kuma suka daina riƙe rajistar magidanta da ta dabbobi. Da irin wannan hujja gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanar a 2021 da shirin dawo da harajin raya ƙasa na naira 2,000 a kan kowane baligi da jangalin naira 500 a kan kowace saniya. Ana iya goyon baya, ana iya adawa, kowane ɓangare na da abin faɗa. Abin da ba a samu ba shi ne jam'iyyar da ta tsaya gaban masu zaɓe tun kafin zaɓe ta ce wannan ne ra'ayinta.

Haka aka sake gani a rigimar sababbin dokokin haraji. A Oktoban 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka yi fatali da tsarin rabon harajin VAT da aka gabatar. A zauren akwai 'yan APC, akwai 'yan PDP. Yanki ne ya yi magana, jam'iyyu suka yi gum. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokokin ranar 26 ga Yuni 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 don fara aiki da sabon tsarin. VAT ya tsaya a kashi 7.5, kason jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, naira 800,000 na farko a kuɗin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Sauƙi ne ga ƙaramin ma'aikaci, a yaba inda ya dace.

Amma mutum nawa ne a Kusada ke da takardar albashi? Harajin da manomi ya sani shi ne wanda ke cin sa a hanya: kuɗin shiga kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin kan buhu, kuɗin kan dabba idan ya kora ta kasuwar Charanci, wani da rasit wani babu. Kowannensu kaɗan ne, idan aka tara su a shekara ba kaɗan ba ne. Adalcin haraji a wurinsa shi ne a manna jerin kuɗaɗen da doka ta yarda da su a ƙofar kasuwa, da Hausar boko da ajami, a kuma faɗa masa nawa aka tara a wata da abin da aka yi da su. Wannan bai fi ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma ba, balle gwamna.

Albashin da bai kai ga mafi yawa ba

A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya riga ya cinye tsohon. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya amince da sabon albashin ga ma'aikatan Katsina a ƙarshen shekarar. Da wannan aka rufe maganar, kamar an gama.

Ba a gama ba, domin dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da suka yi, da 'yan ƙwadagon gona. A karanta wannan jeri a tsakiyar kasuwar Kankiya a ga wa ya rage. Malamar ƙaramar makarantar kuɗi, yaron shago, mai zuba mai a gidan mai, ɗan dako, mai yankan gero da kaka, kusan duk suna waje. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC tana yaƙi ne don mambobinta, kuma ba laifi ba ne. Waɗanda ba su da ƙungiya jam'iyya ce ya kamata ta zama bakinsu.

Batun mafi ƙarancin albashi yana cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ke nan duk wanda zai wakilci mazaɓar Kankiya/Ingawa/Kusada yana da ƙuri'a a kai. Gyaran 2024 ya rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027, shekarar zaɓe. Ya dace a tambaye shi tun yanzu: zai nemi a rage adadin nan na 25, ko a bar shi? Idan ya ce ƙananan 'yan kasuwa ba za su iya biya ba, amsa ce, kuma tana da nauyi. A ji ta daga bakinsa, a ajiye.

Malamin firamare shi ne inda duk zaren ya haɗu. Daga kason ƙaramar hukuma albashinsa ke fita, shi ake so ya koyar da Turancin da minista ya umarta, shi ne kuma ba a tambayi ra'ayinsa ba a 2022 ko a 2025. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan hakan ya tabbata, wa zai lamunce wa malamin Kusada albashinsa a watan da kason ya yi ƙasa? Sashe na 18 na kundin tsarin mulki ya yi maganar ilimi kyauta, amma ya ɗaure ta da sharaɗin idan hali ya yi, kuma ba a kai gwamnati kotu a kansa. Abin da kotu ba za ta tilasta ba, akwatin zaɓe ne kaɗai ya rage masa.

Masu cewa siyasar yankin ta mutum ce ba ta jam'iyya ba suna da abin nunawa. Sanata Ahmad Babba Kaita, ɗan Kankiya, ya je Majalisar Wakilai a 2011 a CPC, ya ci kujerar sanatan Katsina ta Arewa a zaɓen cike gurbi na 2018 a APC, ya koma PDP a 2022. Irin wannan tafiya ta zama ruwan dare a ƙasar nan, kuma ba ta da wuya, tunda babu wata manufa da mutum zai ajiye a bakin ƙofa kafin ya shiga sabon gida. To idan mutum ake zaɓa, sai a ɗaure mutumin da bakinsa. Wayar da ke hannun kowane matashi tana ɗaukar murya.

'Yan takarar majalisar jiha ma suna da tasu tambayar, kuma ta fi sauƙi. Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar gudanar da zamanta da wani harshe na jihar ban da Turanci, muddin ta zartar da ƙuduri. Majalisar Legas tana zama da Yarabanci ranar Alhamis, kuma a 2018 jihar ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta, na gwamnati da na kuɗi. Makarantun firamaren Kankiya da Kusada suna ƙarƙashin hukumar SUBEB ta jiha ne da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi. Littafin karatu na Hausa a hannun kowane ɗan aji ɗaya, da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da aka buga da Hausa, ba sa jiran izinin Abuja.