Filin Mata: Babba Juji Ne

Yau maganarmu a kan shugabanci ce, gama kowace uwargida shugaba ce a gidanta, haka kuma uwar adashi.

Ku matan Gawuna, ga Gidan Nassarawa nan kusa da ku, inda aka binne Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a 2014. Tun 1963 yake kan gado har rasuwarsa. Me ya daɗar da shi haka? Bayan nufin Allah, hali ne. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takardar tuhuma. Mutanen gari suka fusata, aka ƙona gidan Rediyon Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mashawarcin Gwamna. Abin da fushi ya haifa ke nan. A 1984 kuwa gwamnatin soja ta hana Sarki fita daga Kano har wata 6, saboda ya je Isra'ila. Ya haɗiye, ya zauna. Wa'adi ya cika, gwamnatin ma ta faɗi a 1985, shi yana nan.

To, ke fa? Uwar adashin da ta ba ƙawarta kwasa ba ranarta ba don tausayi, ta ci amanar sauran. Uwargidan da ta hori ɗan kishiya cikin fushi, ramuwa ta yi. In ranki ya ɓaci, yi alwala, ki kwana tukuna, sa'an nan ki yanke hukunci.

Allah ya ba mu haƙuri, amin. Sai mako mai zuwa.