Tsofaffin Motocin Safa Ba Kayan Bola Ba Ne

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a wadda an daɗe ana yin ta, amma ta ƙara bunƙasa tun bayan karyewar tattalin arzikin da aka yi a shekarar 2008, watau sayen tsohuwar motar safa wadda ta gama aikinta, a cire kujerunta, a mai da cikinta gida sosai, da wurin kwana, da madafa, da makewayi, har da ɗan wurin saukar baƙo. Mai ita a ciki yake kwana, a ciki yake dafa abincinsa, in kuwa zaman wuri ɗaya ya ishe shi sai ya ta da inji ya ƙara gaba. Mun ga ya dace mu jawo hankalin masu karatu ga wannan al'amari domin akwai abin lura a cikinsa ga Gwamnatocinmu na Jihohi, waɗanda ke da tarin irin waɗannan motoci jibge a harabar kamfanoninsu na sufuri, rana na dukansu, ruwa na dukansu, ba su amfanar kowa sai ƙadangaru.

Abin da ya sa wannan sana'a ta samu gindin zama a Amurka shi ne yawan motocin ɗaukar 'yan makaranta. Ƙasar tana da wajen 480,000 daga cikinsu, suna kai yara fiye da miliyan 20 makaranta suna komo da su kowace ranar karatu. Tun a wani taro da aka yi a birnin New York a 1939 aka daidaita a kan a riƙa shafa musu launin rawaya don kowane direba ya gane su daga nesa, sa'an nan a 1977 Gwamnatin Tarayyar ƙasar ta ɗora wa masu ƙera su sharuɗɗa masu tsanani game da ƙarfin rufi, da haɗin ƙarafan bodi, da kujeru, don ko mota ta kife kada ta murƙushe yaran da ke ciki. Saboda haka motoci ne masu ƙwari ƙwarai. Hukumomin ilmi kuwa ba su jira sai mota ta mutu murus. Da zarar ta yi shekara goma sha wani abu sai a fitar da ita a yi gwanjonta a bainar jama'a, galibi a kan dala dubu kaɗan, kuɗin ya koma asusun hukumar. Waɗansu 'yan kasuwa ne ke saye su kora su kudu har Guatemala, inda akan yi musu ado su ci gaba da jigilar fasinja shekara da shekaru. Waɗansu kuma su ne ake mayarwa gida.

Aikin fa ba wasa ba ne. Bayan an cire kujeru sai a ɗaye daɓen a duba tsatsa, a yi walda inda ya ruɓe, a shimfiɗa abin tare zafi da sanyi a bango da rufi, a ja wayoyin lantarki, a ɗora farantan hasken rana a bisa, a sa tankin ruwan sha da na ruwan dauɗa a ƙarƙashi. Kuɗin wannan aiki sau da yawa yakan ninka kuɗin sayen motar. Hukuma kuma ba ta zuba ido kawai ba. Tilas a cire alamar tsai da motoci da fitilun nan masu walƙiya na motar makaranta, a jihohi da yawa kuma sai an sake fenti, don kada wani ya yi amfani da kamannin motar yara ya yaudari mutane. Kafin a sake mata rajista a matsayin motar zama, sai an nuna cewa lalle akwai abubuwan da suka mai da ita gida, kamar wurin girki da ruwa da makewayi. Kamfanonin inshora ma sukan yi ɗari-ɗari da motar da mutum ya haɗa da hannunsa a bayan gida, kuma suna da hujja.

Hotunan waɗannan gidaje da ke yawo a intanet, da labule da furanni da duwatsu a bayan taga, suna iya sa mutum ya yi wa rogo kallon kitse. Gaskiya ne akwai masu hali da suka zaɓi wannan rayuwa don sha'awar yawon buɗe ido. Amma akwai dubbai waɗanda tsadar haya da bashin gida suka koro kan hanya, da yawansu dattawa ne da suka yi aiki iyakar ƙarfinsu, kuɗin fansho ya kasa riƙe su. Labarinsu ne wata 'yar jarida mai suna Jessica Bruder ta rubuta a littafinta Nomadland a 2017, wanda aka mayar fim har ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Irin waɗannan mutane kullum cikin neman wurin tsayawa suke. A filayen Gwamnatin Tarayya da ke yammacin ƙasar an yarda mutum ya ya da zango kyauta, amma galibi ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Birane da yawa sun hana manyan motoci kwana a bakin titi, kuma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar wa birane ikon hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Ga kuma shan mai, don babbar safa lita guda ba ta kai ta fiye da kilomita 3 zuwa 4.

Saboda haka kada wani jami'i ya karanta wannan sharhi ya ce an samo maganin ƙarancin gidaje a Nijeriya. Magidanci mai mata da 'ya'ya, da iyaye da baƙi masu zuwa ba sanarwa, ba zai shige cikin akwatin ƙarfe mai faɗin mita biyu da rabi ba, balle a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40. Yawon shaƙatawa da kwana a daji kuwa sai da aminci. Dattawan Kano suna iya tuna Turawan nan da ke ƙetaro Sahara cikin manyan motocin da suka mayar masauki a shekarun 1970 da 1980, su biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka a birni. Tashe-tashen hankulan da suka ɓarke a Aljeriya da arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 su suka kashe wannan hanya. Wanda duk ya san halin da waɗansu hanyoyinmu suka shiga saboda 'yan bindiga ba zai shawarci kowa ya kwana a gefen titi da iyalinsa ba.

Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne hankalin da ke bayan sana'ar, watau cewa motar da ta gaji da jigilar fasinja kullum tana da sauran amfani mai yawa. Misali, a 2014 wata ƙungiya mai suna Lava Mae a birnin San Francisco ta karɓi tsofaffin motocin safa daga hukumar sufurin birnin, ta mai da su ɗakunan wanka da makewayi, tana kai su unguwannin da marasa gida suke taruwa. Motar da ba za ta iya zirga-zirgar safe da yamma ba tana iya tafiyar kilomita talatin sau ɗaya a mako ta tsaya ta yi wa jama'a aiki. Wadda injinta ya mutu ma, in bodinta na da lafiya, ɗaki ce wadda aka riga aka gina, da tagogi da ƙofa da rufin da ba ya yoyo. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, mu nan ina namu suke? Kamar yadda kowa ya sani, tun daga shirin sufurin jama'a na Gwamnatin Tarayya na 1988, wanda ya sa jihohi da yawa suka kafa ko suka faɗaɗa kamfanoninsu na sufuri, kusan duk sa'ad da aka taɓa farashin man fetur sai an sayo sababbin motocin safa don rage wa talakawa raɗaɗi. An yi haka a 2012, an kuma yi bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Akan yi bikin ƙaddamarwa da kaɗe-kaɗe, amma ba a cika tanadin kayan gyara ba. Bayan 'yan shekaru sai a ga mota ta tsaya saboda abin da bai taka kara ya karya ba, a jingine ta a ce sai an samu kuɗi. Kafin kuɗin su zo an kwance batir, an cire tayoyi an sa wa wata, an zare wayoyi, gilasai sun farfashe. Daga ƙarshe sai a wayi gari 'yan gwangwan sun yanka ta da wuta sun auna a sikeli, ba wanda ya ji sanarwar gwanjo, ba wanda ya san nawa aka biya ko aljihun wa kuɗin suka shiga. Alhali kuwa Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta yi tanadin yadda za a sayar da kadarorin hukuma da suka tsufa, ta hanyar gasa a fili, kuma jihohi da yawa sun yi tasu dokar mai kama da ita. Dukiyar jama'a ce, ko tana tafiya ko tana kan duwatsu.

Ba mu rasa masu hannu ba. Kafintocinmu sun shekara aru-aru suna ɗora bodin katako a kan manyan motoci. Motocin molue na Ikko, waɗanda suka ɗauki birnin a kansu shekaru da yawa, a nan gida aka ƙera bodinsu bisa ƙashin motocin Mercedes. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga abin da maƙera da masu walda da makanikai ke fitarwa daga ƙarfen da wani ya yar, ya san mai da safa ɗakin shan magani ba zai gagare su ba. Kai, ko tunanin kai aikin hukuma ƙauye cikin mota ma ba baƙo ba ne gare mu, don da motar majigi aka yi yaƙi da jahilci a lardunan Arewa tun kafin samun mulkin kai.

Wuraren da ake bukatar irin waɗannan motoci a bayyane suke. Akwai ƙauyukan da mace mai ciki sai ta yi tafiyar rabin yini kafin ta ga ungozomar asibiti. Safa guda mai gadon awo, da firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana, da wurin kwanan ma'aikata biyu, tana iya zagaya kasuwannin ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Ilmin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989, babbar matsalar irin aikinta ita ce malamin da zai yarda ya zauna kusa da ruga ba tare da wurin kwana na kirki ba. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ta kuma nuna yadda makewayi da wurin wanka mai tsabta ke zama abu na farko da ake nema a sansanin waɗanda suka rasa muhalli.

Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a buɗe wannan ƙofa, wajibi ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ma'aikatan duba lafiyar motoci na jihohi su zauna su fito da ƙa'ida, domin haɗarin da ke cikin aikin na rai ne. An ƙera safa ne don ɗaukar nauyin mutane a baje bisa kujeru. In aka ɗora mata tankin ruwa na lita 500, an ƙara mata rabin tan ke nan a wuri guda, kuma in a kan rufi aka ɗora shi, kamar yadda muka saba yi a gidajenmu, to, kwana ɗaya mai tsanani ta isa ta kifar da ita. Wanda ya yanke ginshiƙan bodi don ya ɗaga rufi ko ya faɗaɗa ƙofa ya raunana abin da ke hana motar murƙushewa. Kabad ko firjin da ba a ɗaure da ƙashin mota ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi kan direba zai faɗo. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya sai ta kwanta a daɓe tana jiran tartsatsi, don haka tukunyar tana bukatar akwatinta dabam mai huda ta ƙasa zuwa waje. Mafi muni shi ne hayaƙin janareto da na gawayi, wanda gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi. Sau nawa aka wayi gari a garuruwanmu aka tarar da iyali guda sun mutu cikin barci don sun kwana da janareto a cikin gida? Ɗakin ƙarfe mai rufaffun tagogi ya fi ɗakin siminti saurin kisa. Ƙa'idar da za a yi ta ƙunshi awon nauyin motar bayan an gama aiki, da gwajin birki da tayoyi, da ƙofar tsira ta biyu, da na'urar kashe gobara, da na'urar da ke ƙara in hayaƙi mai guba ya taru. Motar da ta kasa cin wannan jarrabawa a cire mata tayoyi a kafe ta wuri ɗaya ta zama ɗaki, kada a bar ta ta hau titi.

Muna kira ga Kwamishinonin Ayyuka da Sufuri na Jihohi su sa a ƙidaya dukan motocin safa da ke kwance a harabar kamfanoninsu da ma'aikatunsu, a rubuta lambar kowace da shekararta da abin da ya tsai da ita, a buga jerin a jaridu kowa ya gani. Waɗanda za su gyaru su koma jigila. Waɗanda ba su da sauran mamora a yi gwanjonsu a fili, a faɗi ranar da wurin tun da wuri. Na tsakiya kuwa, masu lafiyayyen bodi, a ware biyu ko uku a miƙa wa Kwalejin Fasaha ta jihar tare da ƙungiyar masu walda da makanikai, a haɗa su da Ma'aikatar Lafiya ta faɗi abin da take so a ciki, a ba su wata shida. Majalisun Dokoki na Jihohi kuma, sa'ad da aka kawo musu kasafin sayen sababbin motoci, su fara tambayar inda na bara da na bara waccan suke kafin su sa hannu.